Wane Allo Ya Kamata Mai Koyon Rajista Ya Fara Saye a Damagaram?

Ɗalibin da ke son kunna fitilar LED da kashe ta ta hanyar rubutu kai tsaye cikin rajista, wato ƙananan ma'ajiyoyin cikin guntun lantarki da ke sarrafa ƙafafunsa, ba tare da dogaro da umarnin Arduino na digitalWrite ba, yakan tsaya tsakanin allunan lantarki uku: Arduino Uno, Blue Pill da Raspberry Pi Pico. Tun da sau da yawa sai an aika Kano kafin irin wannan kaya ya iso Damagaram, ya kamata a auna su tun ba a fitar da kuɗi ba.

Uno yana ɗauke da guntun ATmega328P mai gudun megahaz 16, fitilarsa kuwa tana kan ƙafa ta 13, wato PB5. Aikin layi biyu ne: a ɗaga bit na 5, wato a mayar da shi 1, a rajistar DDRB domin ƙafar ta zama mafita, sannan a riƙa juya bit ɗin a rajistar PORTB tare da ɗan jinkiri. A ganina shi ya fi dacewa da mai farawa, domin babu wani shamaki tsakanin abin da ya rubuta da abin da idonsa zai gani. Wanda ya samu Uno mai guntu zaune cikin soket ya fifita shi, saboda in guntun ya ƙone ana cire shi a sa wani. Masu arha da yawa suna zuwa da CH340, guntun da ke haɗa allon da kwamfuta ta USB, wanda kwamfuta kan buƙaci a saka mata direbansa.

Blue Pill ya fi ƙarfi, da guntun STM32F103C8T6 mai megahaz 72, amma fitilarsa ta PC13 ba za ta amsa ba sai an buɗe wa tashar C, wato rukunin ƙafafun da PC13 ke ciki, agogo a rajistar RCC_APB2ENR, an kuma tsara ƙafar a rajistar GPIOC_CRH, kuma rubuta sifili ne ke kunna ta. Wannan darasi ne mai daraja ga wanda ya riga ya saba da Uno, sai dai a lissafa da kuɗin ST-Link, na'urar da ake loda masa shiri da ita, a kuma duba rubutun guntun sosai, domin jabu sun yawaita a kasuwa.

Pico, wanda ya fito a 2021, yana da arha, amma guntunsa na RP2040 na buƙatar lambar tayarwa ta bayit 256 kafin shirin mutum ya fara aiki. Mai sayensa ya tabbata ba Pico W aka miƙa masa ba, domin fitilar wancan tana haɗe da guntun Wi-Fi, ta Pico na asali ce ke kan GPIO25.