Garmaho, Sidi Ko Waya: Wanne Mai Son Kiɗan Jaz Zai Zuba Wa Kuɗinsa?

Daɗin kiɗan jaz yana cikin ƙananan abubuwa: numfashin mai busa sakzafon kafin ya shiga, karkarwar tsirkiyar babban bes bayan an ja ta, da sautin faifan tagulla idan mai ganga ya shafe shi da burushi. Duk hanyar sauraren da ta danne waɗannan, ta cinye maka rabin kuɗinka. Don haka kafin ka fara tara waƙoƙi, sai ka yanke shawarar a kan me za ka tara su.

Kaset dai a bar maganarsa, zare ne da ke miƙewa yana canja murya. Sauraro ta intanet kuwa hanya ce ta ɗanɗano, ba ta mallaka ba. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, Apple Music ma a shekarar ya fara ba da sautin da ba a matse ba, kuma sun isa ka gane wane makaɗi ya kwanta maka. Amma awa ɗaya a matakin ingancin sauti na 320 (kilobit a daƙiƙa) tana cin data kusan megabait 140, wanda ba a matse ba kuwa ya ninka haka, ranar da ka daina biya kuma komai ya tafi.

Faifan garmaho shi ne ke jan hankalin sabon shiga, kuma da dalili. Tun da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyi 33 da sulusi a minti a 1948, a kansa aka tsara manyan ayyukan jaz. Sai dai roba ce da zafi ke lanƙwasawa. Ka bar shi a mota cikin rana a watan Afrilu, ko ka jingine shi a karkace a ɗaki mai rufin kwano, zai koma kamar kaskon tuya. Ƙurar hunturu kuma tana manne masa, ta cika layukan da allura ke bi, sai ka riƙa jin ƙas-ƙas daidai inda fiyano ya yi sanyi. Allura tana so a sauya ta bayan awa 500 zuwa 1,000. 'Yan ƙananan na'urorin nan masu kama da akwati suna danna allura da nauyin da ya kai giram 5, alhali ta kirki giram 2 ko kusa da haka take so. Ga kuma tarkon da ba a faɗa: tsohuwar na'urar Amurka mai injin da ke bin bugun wuta an yi ta ne don bugu 60 a daƙiƙa, namu kuwa 50 ne. Ko ka sa mata taransifoma ta rage ƙarfin wuta zuwa bolt 110, faifan zai juya kusan sau 28 a minti, muryar ƙaho ta sauka ƙasa.

Zaɓin da ya fi dacewa da mu shi ne faifan sidi na asali, ko da na gwanjo ne. Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ba a matse sautin da ke kansa, allura ba ta taɓa shi, na'urarsa kuma tana da agogonta a ciki, saboda haka hawa da saukar janareto ba sa canja masa sauri. Ko tsohuwar na'urar DVD za ta karanta shi. Yana zuwa da ɗan littafi mai sunayen makaɗa da ranar ɗauka da wurin ɗauka, kuma a jaz wannan ba ado ba ne, da shi ake gane cewa mai gangar da ya burge ka a nan shi ne a wancan faifan, ka bi sawunsa.

Wani lokaci ma sidi ya fi tsohon garmaho gaskiya. Kundin Kind of Blue na mai busa ƙaho Miles Davis, wanda aka ɗauka a 1959, ya shafe sama da shekara 30 ana sayar da bugunsa na sitiriyo da waƙoƙi uku na fuskar farko suna ɗan sauri, saboda na'urar naɗar ta yi jinkiri a ranar ɗauka. Sai a bugun 1992 aka gyara. Idan kana neman ayyukan kamfanonin Prestige da Riverside da Contemporary, nemi jerin Original Jazz Classics, ba tsada kuma ba a cika yi wa sautin kwalliya ba. Na kamfanin Blue Note akwai tsohon bugu na ƙarshen shekarun 1980, akwai kuma jerin RVG da Rudy Van Gelder, injiniyan da ya ɗauki yawancinsu tun farko, ya sake gyarawa daga 1999. Na biyun ya fi ƙara da kaifi, na farkon ya fi sakewa, kuma a ɗaki mai siminti da tayil na farkon ya fi daɗin kunne. Don gwada na'ura, babu kamar ɗaukar da aka yi wa mai fiyano Bill Evans da abokansa biyu a gidan kiɗan Village Vanguard da ke New York ranar 25 ga Yuni, 1961. Idan kana jin ƙarar kofuna da hirar mutane a bayan kiɗan, kana kuma rarrabe kowace tsirkiya ta mai bes Scott LaFaro, to kayanka sun yi.

Amma fa kasuwar cike take da jabu, kuma a nan ake yanka mutane.

Juya faifan ka dubi cikinsa. Na asali azurfa ne fes. Idan ka ga kore-kore ko shuɗi-shuɗi, ko ka ga iyaka tsakanin inda aka rubuta da inda ba a rubuta ba, a kwamfuta aka ƙona shi. Irin wannan rini ne a cikinsa, zafi da haske suna kashe shi a hankali. Sannan dubi zoben tsakiya: faifan masana'anta yana da lambar bugu, wanda aka yi daga 1994 zuwa sama kuma galibi yana da ƙananan haruffa IFPI, ɗaya a madubin zoben, ɗaya a jikin robar. Rashinsu a faifan da ya girmi 1994 ba laifi ba ne, amma a faifan da aka rubuta 2005 abin tambaya ne. Littafin ciki ma yana tona asiri: hoto dishi-dishi, takarda ɗaya tal, sunan makaɗi da kuskuren harafi.

Akwai jabun da ya fi wannan wayo, don a masana'anta aka buga shi. A Turai, ɗaukar da ta fito kafin 1963 ta fita daga kariyar haƙƙin mallaka, saboda haka kowa na iya bugawa ya sayar. Masu yin haka ba su da zaren asali, yana ma'ajiyar kamfanin da ya ɗauka, sai su kwafa daga wani sidi ko tsohon faifai. Alamarsu: kundi takwas a kwali ɗaya da kuɗin guda, an sauya hoton bango, ba tambarin Blue Note ko Columbia ko Verve a ko'ina. A garmaho ma haka suke yi, su manna takarda mai cewa giram 180, kai ka ce nauyin roba shi ne kyan sauti.

Mafi muni shi ne wanda aka ɗauko daga MP3 aka mayar sidi. Kunne zai gaya maka: faifan tagulla yana yin shuu kamar ana zuba ruwa a kasko, tafin jama'a kuma yana dunƙulewa. Idan kana son hujja, kwafe waƙa ɗaya ka buɗe ta da manhajar Spek. Sidi na gaskiya yana kai wa kusan 22 a ma'aunin kilohaz, mai tushen MP3 na 128 kuwa za ka ga an yanke shi ƙat a 16, kamar da reza.

Ko na asalin ma a duba shi. Ɗaga shi saitin fitila: idan haske na ratsowa ta ƙananan huji, ya fara lalacewa, a bar shi. Ƙarzuwa a fuskar rubutu ta fi ta ƙasa haɗari, domin bayanan suna dab da fentin ne, ba sa gyaruwa. Ta ƙasa kuwa, wadda ta tafi daga tsakiya zuwa baki na'ura kan wuce ta lafiya, wadda ta bi da'ira ita ke sa tsalle. Shi ya sa ake goge faifai da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa waje, ba a zagaye ba. Wasu faifan da aka buga a Ingila tsakanin 1988 da 1993 suna rikiɗa su koma ruwan tagulla daga baki, waɗannan ma kada ka biya musu ko sisi.

Ranar da ka kawo faifai gida, kwafe shi da manhajar Exact Audio Copy zuwa tsarin FLAC, wanda ke rage girma ba tare da zubar da komai ba, kundi ɗaya megabait 250 zuwa 400. Ka zuba a waya ko katin ajiya, ka saurara da abin kunne mai igiya, domin Bluetooth yana sake matse sautin. Faifan kuma a mayar da shi kwalinsa, a jera a tsaye cikin kabad mai murfi, nesa da bangon da rana ke duka da yamma.