Ubuntu 24.04 a gefen Windows: yadda na samu manhajar girkawarsa

Na shafe makonni ina aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya mai ɗauke da manyan manhajoji biyu, Windows 11 da Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux wanda kamfanin Canonical ya fitar a watan Afrilun 2024 tare da alkawarin sabunta tsaronsa kyauta na tsawon shekara biyar. Abin da nake son aunawa shi ne manhajar da ke girka Ubuntu, domin ita ce ke yanke wa sabon shiga hukunci: ko ya tashi da kwamfuta mai ƙofa biyu, ko ya tashi da ciwon kai.

Farkon aikin ba shi da wuya. Fayil ɗin Ubuntu ya kusa gigabait 6, saboda haka filash mai gigabait 8 ita ce mafi ƙanƙanta da za ta ɗauke shi, kuma na rubuta shi a kanta da Rufus, manhajar da ke shirya filash don a iya tayar da kwamfuta daga gare ta. Da na tayar da kwamfutar daga filash ɗin, manhajar ta gano cewa akwai Windows a ciki, ta kuma ba ni zaɓin girka Ubuntu a gefensa ba tare da goge komai ba. A nan ne ta fi burge ni, domin ita da kanta ta rage girman sashen Windows, ta ware wa Ubuntu nasa, sannan ta ajiye fayilolin tayar da shi a cikin ɗan ƙaramin sashen tayar da kwamfuta, wato EFI, da Windows ya riga ya tanada. Ban kashe Secure Boot ba, wato tsarin da ke hana manhajar da ba ta da amintaccen sa hannu tayar da kwamfuta, tunda Ubuntu yana tashi ta wata ƙaramar manhaja mai suna shim wadda ke ɗauke da sa hannun Microsoft. Gigabait 25 ne mafi ƙarancin wurin da ake nema, amma wanda ya tsaya a nan zai ji matsi tun kafin ya gama girka abubuwan da yake buƙata, shi ya sa na ba shi 80.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɓangaren Windows. Idan an kulle ma'ajiyar da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai, manhajar girkawar ba za ta iya taɓa sashen ba, sai ta dakata ta nemi a koma a cire kullen. Wannan gargaɗi ya dace, kuma na yaba da shi, musamman ganin cewa sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa a kulle ba tare da masu su sun sani ba. Duk wanda zai fara wannan aiki ya kamata ya nemo mabuɗin ceto na BitLocker, wato lambobi 48 ɗin nan, ya rubuta su a takarda, domin sauya yadda kwamfuta ke tashi yana iya sa Windows ya nemi su, kuma a lokacin ba damar buɗe fayil a duba.

Akwai kuma abubuwa biyu da na so a ce an faɗakar da mai girkawa a kansu tun da farko. Na farko shi ne Fast Startup, tsarin da ke sa Windows ya yi wani irin barci maimakon ya mutu gaba ɗaya. Muddin yana kunne, Ubuntu yakan buɗe sashen Windows don karatu kawai, ya ƙi rubuta komai a ciki, wanda kariya ce ga fayilolinka amma tana rikita wanda bai san dalili ba. Na biyu shi ne agogo. Windows yana ɗaukar agogon cikin kwamfuta a matsayin lokacin ƙasar da kake, Ubuntu kuwa yana ɗaukarsa a matsayin lokacin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, saboda haka duk lokacin da ka fita daga ɗaya ka shiga ɗaya sai ka tarar agogo ya goce da gwargwadon tazarar da ke tsakanin lokutan biyu. Umarni guda ne ke magance shi a Ubuntu, timedatectl set-local-rtc 1, amma sai ka san da shi tukuna.

Jerin zaɓin manhajar da za ta tashi, mai suna GRUB, da ke bayyana idan an kunna kwamfuta ba shi da ado ko kaɗan, baƙin allo ne da farin rubutu, Ubuntu a sama, Windows a ƙasa, kuma idan ba ka taɓa komai ba cikin 'yan daƙiƙoƙi Ubuntu ne zai tashi. Mai son Windows ya riƙa tashi da kansa dole ya gyara fayil ɗin /etc/default/grub da hannu, abin da a ganina ya kamata a ce tambaya ɗaya ce a lokacin girkawa.

Ga wanda ya kwafe muhimman fayilolinsa zuwa wani wuri, ya adana mabuɗin BitLocker, ya kashe Fast Startup, manhajar tana yin aikinta lafiya lau, kuma ina ba shi shawarar ya yi amfani da ita. Wanda kuwa so yake ya ɗanɗana Linux kawai, ya fara da WSL ko VirtualBox, waɗanda ke ba da damar gudanar da Linux a cikin Windows ɗinsa, ya bar raba ma'ajiya sai ranar da ya tabbatar zai zauna.