Birin kururuwa na dawa da na keji: wa tsutsar ciki ta fi addaba?

Malama, kin tambaya ko birin kururuwa da ke keji ya fi na dawa samun sauƙin tsutsar ciki, tunda yana da likita. Ni a ganina ba yawan cutar ne ya raba su ba, irinta ne.

Shi wannan biri ba namu ba ne. Gidansa dazukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, daga kudancin Meziko har arewacin Ajantina. Na dawa a ƙololuwar itace yake wuni yana cin ganye, kashinsa ya faɗo ƙasa, shi kuma ya yi gaba. Duk da haka ba ya tsira. Ana yawan samunsa da Trypanoxyuris, 'yar siririyar tsutsar nan mai sa susar dubura, da kuma Controrchis mai zama a hanyoyin matsarmama, wadda sai ta ratsa jikin wasu ƙananan halittu kafin ta iso gare shi.

Na keji fa? Ita Controrchis ba ta cika samun hanya ba. Amma inda ya yi kashi nan yake ci, nan yake kwana. Ki dubi kwanon ruwansa da yamma: ɓawon ayaba a ciki, ya tsoma hannun da ya taka ƙazanta da shi. Ta nan Giardia da Entamoeba, ƙananan ƙwayoyin cutar hanji da ido ba ya gani, ke shiga, sai zawo da rama. Tsutsar Strongyloides kuwa ba ta jiran baki, 'ya'yanta na huda fata daga ƙasa mai laima. Ga kyankyaso, wanda ke ɗauke da Prosthenorchis, tsutsa mai ƙaya a ka da ke iya fasa hanji. Abin da ya fi damuna shi ne wasu cikinsu muna musayarsu da birai, mai shara ya ba biri, biri ya ba mai shara. Haka lamarin yake ga jan biri da gwaggon biri na gidan namun daji na Jos.

Magani akwai, metronidazole don Giardia, ivermectin don Strongyloides, amma in ba a wanke daɓen an busar ba, an kashe kyankyasai, cutar dawowa za ta yi. Kuma gwaji ɗaya bai isa ba, domin Giardia ba kullum take fita a kashi ba. A tara na kwana 3, a nemi likitan dabbobi ya duba. Mu da muke da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a kusa, tun 1924 take aiki, wannan ba abin wahala ba ne.