Shagon buga riguna a Samaru: alamar zaman lafiya na ce, aka buga min tambarin Marsandi

Jama'a bari in ba ku labarin wani shagon buga riguna da ke bayan kasuwar Samaru, ba zan kama suna ba don mutumin bai cuce ni da gangan ba.

Wasan dandali muka shirya a kan ɗaliban Amurka da suka yi ta zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam, to ni aka ɗora wa neman kayan sawa. Na kai masa riguna 15 masu gajeren hannu, na ce a rina su kamfala mai launi barkatai irin ta 'yan hifi (matasan Amurka masu ƙin yaƙi da son abin duniya), sannan a buga alamar zaman lafiya a ƙirji. Na ba da kafin alƙalami, ya ce kwana 4, kuma wallahi kwana 4 ɗin ne, wanda duk wanda ya san masu aikin hannu a garin nan zai gane ba ƙaramin abu ba ne.

Rinin kam ba magana. Ja da ruwan ɗorawa da shuɗi sun shiga juna kamar a hotunan bikin kiɗa na Wudustok da aka yi a Amurka a 1969, na wanke guda biyu da omo don gwaji ba su zuba ba, yadin ma bai saki ba.

Sai na buɗe gaban rigar na ga tambarin Marsandi ɓaro-ɓaro. Na ce Malam wannan fa mota ce ka buga min, ya ce haba ɗalibi ai duk ɗaya ne, zobe ne da layuka. Ba ɗaya ba ne fa. Na Marsandi reshe uku ne, ita kuwa alamar zaman lafiya layin tsakiyar yana sauka har ƙasan zoben, kuma wannan ɗan guntun layin da ya raina da shi ma'anar take cika, don mutumin Ingila da ya zana ta a 1958, Gerald Holtom, haruffa biyu ya haɗa daga siginar tuta ta masu jiragen ruwa, N wato tutoci biyu sun yi ƙasa a karkace, da D wato ɗaya sama ɗaya ƙasa, su ne farkon kalmomin Turanci na kwance ɗamarar nukiliya. An fara ɗaga ta a tattakin da aka yi daga Landan zuwa Aldamaston inda ake haɗa makaman nukiliyar Birtaniya, daga baya ta tsallaka Amurka. Kun ga in ka cire ƙafar ka cire D kenan, saura tallan mota.

Abin da ya ba ni haushi kuma ya ba ni dariya, matasan can gudun tara abin duniya suke, su ne a Oktoban 1967 suka je gaban Fentagon, hedikwatar tsaron Amurka, suna cusa wa sojoji fure a bakin bindiga, a Jami'ar Kent kuma aka harbe ɗalibai huɗu a ranar 4 ga Mayun 1970, ni kuma a sa min 'yan wasa su fito da tambarin motar alhazai a ƙirji.

Amma fa in faɗi gaskiya, da na nuna masa hoton a waya bai yi gardama ba, ya ce a ba shi zuwa la'asar. Ya ƙara layin a duka 15 bai karɓi ko sisi ba, sai dai in ka matso kusa za ka ga fentin sabon layin ya fi na farko kauri kaɗan, daga kujerar 'yan kallo dai ba a gani.

Farashinsa da sauƙi in aka kwatanta da abin da aka faɗa min a Sabon Gari. Zan koma, amma wannan karon da hoto a takarda zan je, don akwai allunan zanga-zanga da suka rage da hoton ɗaga yatsu biyu na zaman lafiya, kar in dawo in tarar an juya min bayan hannun, wanda a Ingila zagi ne.