Giyabos ɗin otomatik ya fara ciwo: homyus, gyara, ko a mai da motar manuwal?

Salamu alaikum 'yan uwa. Wani ɗan uwanmu a Aboabo ne ya tare ni bayan sallar la'asar, wai bas ɗinsa da yake ɗaukar yaran makaranta da ita in ya sa D sai ta yi jim kamar mai tunanin bashi sannan ta zabura, ribas kuma sai an lallaɓa ta, an ce masa ya sayo homyus, wato tsohon giyabos da aka ciro daga wata mota a ƙasar waje, wani kuma ya ce a buɗe a gyara, shi dai kansa ya ɗaure. Na ce Alhaji ai wannan ba maganar tsaye ba ce, bari in rubuta maka a tsanake. Ni ba fita ba ne, wato makanike, direba ne kawai da giyabos ya ci wa kuɗi har sau biyu, kuma na daɗe ina zama a bencin gareji a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, ina kallon yadda ake warware su.

Kafin ka je neman kuɗin komai, ka fara tabbatarwa giyabos ɗin ya mutu da gaske, don wallahi da yawa ana sauke lafiyayye. Zaro ma'aunin man giya ka goga a farin ƙyalle. In ja ne ko ya ɗan yi duhu, da sauran rai. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, farantan kuloci na ciki sun cinye. In kuwa ka ga ya koma ruwan hoda mai kauri kamar FanYogo, to ruwa ya shiga, ko dai daga lagireto inda bututun sanyaya man giya yake bi, ko kuma ka kutsa ambaliya da ita lokacin damina, kuma ruwa yana saɓule gam ɗin da ya riƙe fatar farantan, sauya mai kawai ba ya dawo da su. Bayan haka a sa mata kwamfuta. In masta ya ce maka "ta nuna P0700" ya tsaya nan, bai gama aiki ba, wannan lambar cewa kawai take yi ɓangaren giya yana da ƙorafi, ainihin ƙorafin na cikin kwamfutar giya, sai an shiga can.

Me ya sa na dage a kan wannan? Su Dodge Caravan masu giyabos 41TE in sensar gudu ɗaya ta lalace ko akwatin solenoyid, wato bal ɗin lantarki masu buɗe wa mai hanya, ya samu matsala, motar sai ta maƙale a giya ta biyu ta ƙi hawa, kai ka ɗauka ta gama yawo alhali kare kanta take yi. Sprinter mai otomatik 722.6 ma haka, soket ɗin nan mai fil 13 yana yoyon mai ya bi waya, ga farantin lantarki da ke saman bal bodi, wato ɓangaren da ke rarraba mai a cikin giyabos, yana lalacewa, duk biyun ana sauya su ba tare da an sauke giyabos ba. Mutum ya biya kuɗin sauke giyabos a kan soket, ai abin takaici ne.

To a ce an duba an tabbatar cikin ya lalace, an kwance farantin ƙasa an ga garin ƙarfe ya taru a jikin maganaɗisu kamar gashin bushiya. Yanzu ne zaɓi ya zo.

Homyus shi ne abin da kowa zai fara faɗa maka, don shi ya fi sauri. Ka shiga Magazin da safe, ko ka sa a ɗoro maka daga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra, in Allah ya taimaka cikin kwana ɗaya ko biyu mota ta koma hanya, kuma ga wanda motar ita ce abincin gidansa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan in ka yi sa'a giyabos ne da aka haɗa a kamfani, ba hannun da ya taɓa cikinsa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, in motarka ta 2003 ce, giyabos ɗin da za a ba ka shi ma sa'anta ne, shekara ashirin da wani abu, ya sauka a Tema cikin kwantena ba ka san nisan da ya yi ba, ba ka san ko an taɓa sauya masa mai ba. Mai shago zai ce maka daga motar hatsari aka ciro, injin na aiki lafiya lau. Zai iya zama gaskiya, shi ma ɗin haka aka faɗa masa.

Ni tambayar da nake ganin ita ce ta raba gardama ita ce, me ya kashe naka? In kai ne ka kashe shi, ka bar mai ya zube, ka zuba man da ba nasa ba, ka riƙa loda doya daga Techiman har bayan motar na jan ƙasa, to homyus na da ma'ana, musamman irin su Toyota Sienna da giyabos ɗinsu ke da juriya in an kula da shi. Amma in ciwon na gado ne fa? Honda Odyssey na Amurka daga 1999 zuwa 2004 an san su da matsalar giya tun a can, har a 2004 kamfanin ya kira masu giya biyar aka ƙara musu bututun fesa mai saboda giya ta biyu na ɗaukar zafi. Ka sayo homyus ɗin irin wannan, ka sayo ƙanin marar lafiya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A nan ni gyara zan zaɓa in na samu mai hannu.

In dai homyus ɗin ne, kar ka je da sunan mota kawai. Sienna ta 2004 zuwa 2010 mai jan gaba U151E ne, mai jan ƙafa huɗu U151F, harafi ɗaya ne ya raba su amma ba sa shiga wa juna, kuma Toyota na rubuta lambar a takardar da ke jikin ƙofar direba. Odyssey 1999 zuwa 2001 giya huɗu ce, 2002 zuwa 2004 giya biyar. Ka ɗauki hoton soket ɗin naka da lambar da aka buga a jikin giyabos, mafi kyau ma ka tafi da masta ɗinka, shi ya ƙirga fil, shi ya ce a buɗe a ga launin mai da abin da ke jikin maganaɗisu. Wanda aka wanke fes aka fesa masa fenti yana ƙyalli, ni shi na fi tsoro. Kuma ka yi ciniki da mai shago kansa, ba yaran da ke tare mutum a bakin hanya suna "Alhaji me kake nema" ba, in abu ya lalace gobe ba za ka gan su ba. Garanti a rubuta a rasit, kwana nawa, kuma daga ranar da aka ɗaura ne ko daga ranar da ka biya, don na ga wanda kwanakinsa suka ƙare giyabos na kwance a gareji ana jiran fita ya dawo daga jana'iza a ƙauye. Ka kuma sani ko sun yarda sun sauya maka, kuɗin saukewa da sake ɗaurawa da sabon mai a wuyanka yake.

Gyara kuma, wato a warware shi gaba ɗaya a sake haɗawa, nan ne kalma ɗaya take da ma'ana biyu. Wani in ya ce ya yi maka obahol, buɗewa ya yi ya zare farantan da suka ƙone ya ɗauko wasu daga mataccen giyabos da ke bayan shago ya zuba, ya shafa gam ya rufe. Wannan faci ne, wata uku ka dawo. Gyara na gaskiya sabon kit ne, farantan kuloci da na ƙarfe, duk sil da robobin fistin, gaskit, filta, a duba famfon mai da bushin, a warware bal bodi a wanke kowane bal a ga yana motsi, a gwada solenoyid. Sai konbata, wannan tulun da ke tsakanin injin da giyabos, a rufe yake da walda, duk dattin farantan da suka ƙone yana cikinsa kuma wanki da fetur ba ya fitar da shi, sai dai a yanka a gyara a sake walda ko a sauya. Ka tambayi mai gyaran me zai yi da konbata, amsar da zai ba ka ita za ta nuna maka ko ya san aikin. Ka kuma kalli wurin aikinsa. Otomatik ba ya son ƙasa ko kaɗan, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bal, in ka ga an baje kayan ciki a kan kwali a tsakar gareji ga ƙurar hunturu na sauka, ɗauki motarka ka yi gaba, ko da kuwa a injin shi gwani ne. Wanda aikinsa otomatik ne kaɗai shi ake nema.

Illar gyara ita ce lokaci da rashin sanin kuɗi tun farko. Sai an buɗe ake sanin ko giyoyin ƙarfe sun karye ko gidan ya tsage, kit ɗin ma wani lokaci sai an yi odarsa, kuma farashin kayan nan dala yake bi, abin da aka faɗa maka wancan watan ba shi ne na yau ba. Ku yi magana tun kafin a kwance kusa ɗaya, in an buɗe an ga ba zai gyaru ba nawa ne kuɗin wahalarsa, kuma ka ce a ajiye maka duk tsofaffin kayan da aka cire ka gani da idonka.

Akwai zaɓi na uku da direbobin trotro suka fi so, a cire otomatik a sa manuwal. Ga Sprinter da Hiace da Urvan wannan abu ne mai yiwuwa tunda masu manuwal ɗinsu sun cika gari, kowane fita ya san su, in batir ya mutu ma a tura ta tashi. Sai dai ba giyabos kaɗai za ka saya ba, akwai fedal ɗin kuloci da famfonsa, filawil, sandar giya, wani lokaci har furofela, sannan a daidaita waya da kwamfuta in ba haka ba fitila ta yi ta ci a dashbod. Ga Sienna da Odyssey na Amurka kuwa manta da shi, ba a taɓa yin su da manuwal ba, duk wanda ya ce zai ƙera maka gwaji zai yi da kuɗinka. In kuma jikin motar ya ruɓe, injin na shan mai yana hayaƙi, ka zauna ka yi lissafi da sidi ko sayar da ita yadda take ya fi, ba sai na tsawaita a nan ba.

Ni abin da ya ci ni karon farko ba giyabos ɗin da na saya ba ne. An ɗaura lafiya, mako biyu yana tafiya sumul, sai ya fara irin halin tsohon. Ashe ba a wanke bututu da kular mai, wato abin sanyaya man giya, ba, duk garin tsohon giyabos na maƙale a ciki, ana tada mota ya kwarara cikin sabon. Don haka ko homyus ko gyara, a wanke layin nan sosai ko a sauya kular, in ruwa ne ya shiga a sauya lagireto ɗin ma. Mai hawa tudu da kaya ko mai wuni a cunkoson Suame da Kejetia ya ƙara ƙaramar kula ta waje, zafi shi ne babban makashin otomatik. Ka tsaya a wurin ranar ɗaurawa ka ga konbata ta zauna har ƙarshe a cikin famfo kafin a ɗaure da injin, in aka ja da ƙarfin kusoshi famfon ya fashe tun mota ba ta motsa ba. Tunda an riga an sauke, a sauya sil ɗin bayan injin da na aksil, kuɗinsu kaɗan ne.

Sai mai, kuma kar ka yarda da "duk ja ne ai". Caravan ATF+4 take sha, Honda nata DW-1 wanda ya maye gurbin Z1, Sienna ya danganta da shekara, 2004 zuwa 2006 T-IV, daga 2007 WS, Sprinter mai 722.6 kuma man da ke da lambar 236.14, ita ba ta ma zo da ma'auni ba sai an samo sandar aunawa daban. Ka sayo man da kanka a rufe, ka buɗe galan ɗin a gabanka. Alhajin namu na Aboabo dai mun yi da shi ranar Asabar za mu fara kai ta a sa kwamfuta, na ce kar ya taho da kuɗin homyus a aljihu tukuna.