Firintar daskararriyar tawada: kala ba magana, amma takardar sai da lallaɓawa

Firintar da nake aiki da ita a shagona ta hannu ce, irin wadda tawadarta ba ruwa ba ce, ba kuma gari ba. Dunƙule ce kamar kyandir, kala huɗu, kowace da siffarta don kada a jefa ta ramin da ba nata ba. Kamfanin Tektronix na Amurka ne ya yaɗa wannan fasaha, kafin Xerox ya sayi sashensa na firinta a shekarar 2000.

Wajen kyan kala ban ga abin kushewa ba. Ko a takarda mai araha, ja ya fito ja, kore ya fito shar. Aikin yana farawa ne bayan takardar ta fito.

Injin narka tawadar yake yi, ya fesa ta a jikin wata gangar ƙarfe da aka shafa wa mai, sannan ya danna ta a kan takarda. Ke nan ba ta shiga jikin takardar, a sama take zaune. In ka shafa da yatsa za ka ji tudunta, in ka sa farce ta kankaru. Duk wahalar daga nan take.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fotokofi. Ka jera shafuka a bakin da ke jan takarda da kansa, sai shafi mai hoto ya turje a kan gilashi, ya karkace ko ya maƙale, wani lokaci har ya bar dabbare-dabbare. Abin da ya rage mini wannan shi ne sauke ingancin bugu zuwa matsakaici, domin yawan tawada shi ne yawan turjiya. Ina kuma barin shafukan su huce, in karkaɗa su kafin in jera. Mai cike da hoto kuwa ba na ja da shi, a kan gilashi nake kifa shi da hannu.

Laminatin mai zafi kada ma a fara. Tawadar narkewa take, fuskar mutum ta koma kamar an zuba mata ruwa. Sai mai sanyi, ko ledar fayil. Haka nan takardar da aka buga wa tambarin ofis da wannan inji, kada a mayar da ita cikin firintar leza don ƙara rubutu, zafin can zai narkar da tambarin ya ɓata injin. Biro ma santsi yake yi a kanta, shi ya sa nake barin gurbin sa hannu fari fat. Masu katin biki kuma nakan ce musu, “Alhaji, ban da gaban mota a rana.” In za a ninke, a sa layin ninkin ya bi inda babu kala.

Sai batun wuta. Injin so yake ya kwana a kunne. Duk lokacin da ya huce, sai ya zubar da tawada yana wanke kansa kafin ya koma aiki. Da irin wutarmu, wannan asara ce tsagwaronta, ga shi an daina ƙera irinsa, tawadar sai an sa cigiya.

Mai buga fosta da takardun talla, in yana da sola ko inbata mai ƙarfi, zai more shi. Mai aikin fom da takardun da za su yi ta yawo ofis-ofis, ya nemi leza.