Google Calendar a gidan da ke da yara tara

Shekara biyu ke nan ina amfani da Google Calendar wajen tafiyar da gidanmu, tun bayan rasuwar ƙanwata, lokacin da muka karɓi riƙon 'ya'yanta biyu, yaran gidan suka zama tara. Manhajar kyauta ce, kuma tun 2006 kamfanin Google ya fito da ita.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne tunatarwa mai maimaita kanta. Ƙaramin cikin marayun yana da cutar sikila, saboda haka na sanya masa launin ja shi kaɗai, na shigar da lokacin maganinsa na kullum da ranakun ganin likita, ta yadda ko ina kwance ba lafiya wayar maigidana za ta yi ƙara a kan lokaci. Sauran yaran na raba musu launuka gwargwadon makarantunsu.

Sai dai rukunin iyali na Google, wato tsarin da ke haɗa 'yan gida a kalanda ɗaya, mutum shida kawai yake ɗauka, don haka mai babban gida gara ya buɗe kalanda ta daban, ya raba ta ta adireshin imel ga duk wanda ya mallaki hankalinsa. Haka muka yi, kuma ya wadatar da mu.

Har yanzu ranar haihuwar marigayiyar tana fito mini duk shekara da safe. Sau biyu ina kai yatsa zan goge ta ina fasawa, kuma bana babbar 'yarta ta roƙe ni in bar ta.